Taken Ya Gumsu

Ba Ajimi kafinta ne a Mafoni. Shagona na ɗinki yana manne da nasa shekara da shekaru, don haka abin da zan faɗa da kunnena na sha shi. Mutum ne da ba ya nuna aiki sai ya gama. Ko kai ka ba shi aikin gado, in ka leƙo kafin ya shafa fenti, sai ya ja buhu ya rufe, ya tambaye ka lafiyar gida.

Celo ɗin gyara aka kawo masa. Goge ne na Turawa, amma ƙato, sai mutum ya zauna ya rungume shi tsakanin gwiwoyi. Wata Hope, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji, ce ta zo da shi, zafin garin nan ya tsaga masa wuya. Kafin gam ya bushe aka canja mata wurin aiki, ta bugo waya ta ce ya riƙe. Ba Ajimi bai taɓa kaɗa ko gwangwani ba. Ya duba a waya yadda ake riƙe sandar, ya goga mata ƙaro irin na masu goge, ya fara.

Allah dai ya ba maƙwabta lada. A watan farko har mai shayi ya zo tambaya ko saniya aka ɗaure a shagon. Ni kuwa wuyan rigar mutane na lalata.

Ana cikin haka likita ya gaya masa cewa jin matarsa, Ya Gumsu, raguwa yake yi, kuma ba zai dawo ba. Kunne ɗaya ya tafi tun shekarun fashe-fashen bama-bamai, ɗayan yana bin bayansa. Sai Ba Ajimi ya ce zai yi mata take kafin jin ya ƙarasa tafiya. Manya ake yi wa take, makaɗi ya hango mutum ya saki kiɗansa, kowa ya san da wa ake. Ita kuwa tana dafa masa abinci tun gemunsa yana baƙi, ba wanda ya taɓa kaɗa mata komai.

Bai san rubutun kiɗa ba. Da fensirin aiki yake yi wa wuyan celo alama inda yatsa zai sauka, yadda yake yi wa katako. Gaɓar da ba ta yi masa ba, sai ya goge ya sake awo. Kuma duk a shago, nesa da gida, kada ta ji ɗanyen aiki.

Na gaya masa, ba sau ɗaya ba, ya kai mata abin da ya samu, kunne ba katako ba ne da zai zauna jiransa. Ya ce ƙarshen bai zauna ba tukuna. Ita ma ta aiko 'yarsu Rahmat, wai tana so ta zo shago ta ji. Ya ce a gaya mata saura kaɗan. Haushi ya sa na daina kula shi kwana biyu. Amma gaskiya kiɗan ya fara daɗi, har nakan tsayar da keken ɗinki in saurara.

Bayan babbar salla ya gama. Ya goge celo har yana ƙyalli, muka sa shi a Keke Napep, ina riƙe da gindin, har gidansa a Lamisula. Da la'asar ne, Ya Gumsu tana zaune a tabarma. Ya kaɗa daga farko har ƙarshe, ko kuskure ɗaya babu. Rahmat tana share hawaye, ni ma sai da zuciyata ta karye.

Ya Gumsu hannunsa kawai take kallo. Da hannun ya tsaya, ta ɗan jira ta tabbatar ba zai ci gaba ba, sannan ta yi magana da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa.

"Baban Rahmat, na ga ka iya. Da ka kawo mini tun ba ka iya ba."