Turmin Hajiya da na'urar auna motsin ƙasa

Abubuwa da yawa sun same ni a Jidda sun wuce, amma ranar da aka kawo na'urar auna motsin ƙasa gidanmu na unguwar Mahjar ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

A lokacin na bar aikin rediyo a gida, ina yin tafinta a nan duk inda aka kira ni. Gidan da nake haya tsohon bene ne. Mai shi, wanda ke zaune a unguwar Safa, ya ɗora masa hawa biyu don ya ƙara 'yan haya, har bangon matakala ya tsage tun daga ƙasa. A ɗakin ƙasa akwai wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ta zo umra ta zauna, muna ce mata Hajiya. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata. Turminta ne abincinta: ta daka yaji da geron fura, ta kai kasuwar Bab Makka ta sayar.

Masu binciken girgizar ƙasa sun zo da hantsi, shugabansu wani matashin malamin jami'a mai natsuwa. Ya yi bayani da Larabci, ni kuma na mayar wa mutane da Hausa. A ƙarƙashin Bahar Maliya akwai doguwar tsaga mai rai, inda yankin Larabawa ke janyewa daga Afirka a hankali. Ba wanda ya san ranar da za ta motsa. Abin da za a iya ganowa shi ne wace unguwa ce ƙasarta za ta riƙe gini, wace ce kuma za ta ninka girgizar, kamar ƙasa mai laushi da gishiri ta kusa da teku.

Suka ajiye na'urar a tsakar gida, ba ta fi ƙaramar tukunya ba, aka ce kowa ya tsaya cik. Sai layin da ke kan kwamfutarsu ya fara tsalle kamar bugun zuciya. Dukanmu muka ji dalili: Hajiya ce ke daka. Na leƙa na roƙe ta ta dakata kaɗan. Ta dube ni, taɓarya a hannu.

"Ɗan rediyo, wato ƙasar Allah ma ni take tsoro? Ka ce musu su yi sauri, yajin mutane ne."

Har malamin ya yi dariya da na fassara masa.

Da suka gama, ya faɗa wa mai gidan a gabanmu cewa ƙasar wurin mai laushi ce, tushen ginin kuma ba a yi shi don wannan nauyi ba. Ko a sauke hawan da aka ƙara, ko a ƙarfafa ginshiƙai. Mai gidan tambaya ɗaya ya yi: dakan nan da na'ura ta ji, yana kaiwa bango? Malamin, da yake mai gaskiya ne, ya ce yana kaiwa, domin na'urar ko takun kyanwa tana ji, amma taɓarya ba ta tsaga ginshiƙi. Rabin farko na amsar kawai mutumin ya ɗauka.

"Halas, shi ke nan," in ji shi, "an gano mai fasa mini gida."

Ya ba ta zuwa Juma'a ta tashi, ko ya kira masu duba takardu. Na maimaita masa maganar malamin kalma da kalma, yadda aka koya mana karanta labarai, ya ce in tsaya a tafintata. Malamin ma ya sake yi masa bayani, amma aikinsa aunawa ne, ba hukunci ba. Ita kuwa Hajiya ina za ta kai ƙara? Marar iƙama ba ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

Ranar da za ta tafi, ni na ɗora mata turmin a bayan mota. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dubi benen, ta ce:

"Ɗana, in ƙasar ta motsa, ka shaida musu ba na nan."

Na sha nemanta a Bab Makka, ban sake ganinta ba. Tsagar bangon kuwa aka cike ta da siminti, aka shafe da fenti, aka ba wani magidanci mai ƙananan yara ɗakin. Ginin na nan har yau da ƙarin hawansa biyu, tsagar teku ma na nan tana jiran ranarta.

Abin da na koya shi ne, ilimi na iya auna haɗari daidai, amma mai iko ne ke zaɓar wanda zai ɗora wa laifin, kuma a kan marar gata yake sauke shi.