Kurciyar Iya da Dutse Mai Doro

Shekaruna sittin da uku a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya faro ne sama da shekara hamsin da suka shige, a birnin Alƙahira inda aka haife ni. Gidanmu yana Hay el-Sabi' cikin Madinat Nasr, a zamanin da unguwar ba ta cika ba, idan ka leƙa ta bayan gida babu abin da za ka gani sai rairayi da karnuka. Mahaifina, Alhaji Mamman, yana sayar da turare da littattafai ga ɗaliban da ke zuwa karatu daga ƙasar Hausa. Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, wadda muke kira Iya, ita ce ta koya mini Hausar da nake rubutu da ita yau, domin ba ta yarda a gauraya mata harshe a ɗakinta ba. Wanda ya ce mata "tamam" sai ta ce ya koma waje ya ajiye Larabcinsa tare da takalmansa.

Idan sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i, akan hura mata gawayi a kasko, ta binne dankali a gefen toka, mu kewaye ta: ni da ƙanwata Rabi, da duk ɗalibin da ƙamshin miyar kuka ya tsayar da shi a gidanmu. Wanda ya fi zama cikinsu shi ne Malam Ibrahim, mutumin Damagaram, wanda Iya ba ta taɓa kira da sunansa ba, sai dai ta ce Mai-suna. Ni kuwa angonta ne, kamar yadda jika yake ga kakarsa.

"Kai angon banza," takan ce mini, "miji ba cefane, sai miƙo hannu ga dankali."

"Iya, kika matsa mini zan sake ki in auri 'yar Masar."

"Je ka mana, ta ciyar da kai wake safe da yamma har ka kumbura."

Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe a ƙasa." Mu amsa, "Ta iso lafiya, mu ji ta."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, kuma ba ta damu a juya mata su ba. Yau kura ta faɗa rijiya, gobe ta faɗa rami, duk ɗaya ne a wurinta. Guda ɗaya ce ba a taɓa ta, ita ce ta kurciya.

Wai kurciya da mijinta suka taso daga yamma za su gabas. Tafiya ta yi tafiya, guzuri ya ƙare, suka sauka a gonar wani babban mutum, a daidai inda hanyoyin ruwa biyu suka haɗu. Farar ƙubba tana hannun dama, abin ɗiban ruwa da saniya ke juyawa yana hannun hagu, a bayansu kuma akwai wani dutse mai doro wanda rana ke faɗawa a bayansa. Dokar mai gona ita ce duk tsuntsun da ya yi sheƙa, rabin tsabar da ya tsinta ta mai gona ce. Suka yarda, suka zauna, har suka sami ɗa guda. Sai zazzaɓi ya ɗauke mijin. Hankaka, wakilin mai gona, ya zo ya ce mace ita kaɗai ba ta riƙe sheƙa, ta tashi a ba wani. Ɗan kuwa bai yi fiffike ba, ga shi ita ba ta da abin sa masa a baki. Ta kai shi wurin maƙwabciyarta tattabara ta ce, "Riƙe mini, in je gabas in dawo." Ta tafi. Da ta dawo bayan shekaru, sai ta tarar ƙasar duk gonaki ne iri ɗaya, itatuwa iri ɗaya, ba ta kuwa san sunan gonar ba.

A nan Iya takan tsaya.

"To, ta same shi?" in ji Rabi, kullum.

"Ƙurunƙus. Gawayi ya zama toka, ku tashi ku kwanta."

Wani dare na karɓe bakinta don in nuna na iya, na ce ƙubba tana hagu. Ban ankara ba sai na ji mafici a bayan hannuna. "Dama!" ta ce, da muryar da ban san tana da ita ba. "Ƙubba tana dama. Kada ka ƙara kawar da ita." Na yi fushi, na ƙi cin dankalina, amma tun daga ranar wuraren nan suka zauna mini a kai kamar karatun allo.

Shekaru suka tura, na shiga jami'a. Wata rana muka fita yawon buɗe ido da abokai zuwa Dahshur, kudu da Giza, sai ga ni tsaye gaban wata dala ta Fir'auna wadda ta taso sosai daga ƙasa sannan ta karya kafaɗa a tsakiya. Ashe dutse mai doro yana nan a duniya. A lokacin Iya ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, likita kuma ya gaya wa mahaifina cewa zuciyarta ta gaji.

Ban tunkare ta ba, na san ba za ta amsa ba. Na tafi wurin Hajiya Dije, tsohuwar ƙawarta da suka zauna tare a Hijaz. Ta saurare ni, ta daɗe tana tauna goro, sannan ta ce, "Ɗan nan, wane suna ne kakarka ba ta faɗi?"

Na tuna Mai-suna. Na tuna ko labarin annabawa take bayarwa, idan ta zo kan mai layya sai ta ce Khalilu.

"To ka gane," in ji Hajiya Dije. "Ɗan fari ne. Kafin kakanka ta yi wani miji, da shi suka biyo kogin Nilu suka gangaro. Ta bar yaron a wata izba yana shan nonon matar maƙwabci, ta bi ayari zuwa hajji da niyyar dawowa, talauci ya riƙe ta shekaru a can. Da ta zo Masar da kakanka ta nema a ɓoye. Wa za ta tambaya? Ta ce wa mijinta a nemo mata wa, alhali bakinta ba ya iya furta sunan?"

Izba ita ce gandun babban mutum tare da ƙauyen manoman da ke haya a cikinsa. Da na kai wa mahaifina wannan magana, sai ya ce, "Je ka nemo mini yayana tun tana da rai. Amma kada ka tambaye ta kome."

Na shiga jelen gidan da ake ajiye tsofaffin takardun filaye. A can akwai taswirorin gandaye tun zamanin da ba a raba ƙasar manya ga talakawa ba, manya-manya, an manna su a kan ƙyalle, kowace da zanen hanyoyin ruwa da gonaki da ɗakunan manoma. Na nemi na yankin da ake hango dalar nan a yamma. Na duba har idona ya yi ja, ban sami wurin da ƙubba take dama, abin ɗiban ruwa yake hagu ba, har na fara cewa tsufa ya rikita wa Iya lissafi. Kuskuren nawa ne. Ina kallon takarda yadda mai zane ya shimfiɗa ta, arewa a sama, shi kuwa mai zane kallon shaho yake yi wa ƙasa. Iya a ƙofar ɗakinta take zaune, fuskarta gabas, dutse a bayanta. Da na juya taswira na sa dalar a bayana, sai ga wurin ya fito a wata izba kusa da Badrashin: ruwa biyu sun haɗu, ƙubba tana dama.

Kowace izba tana da daftarin masu haya. A tsohon daftari na ga an rubuta Usman Takruri, an ja layi a kai, an ba wani ɗakinsa. Takruri shi ne sunan da mutanen Masar ke kiran duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, sai na gane mijin Iya na fari ne. Maƙwabcinsa na jikin bango sunansa Abdul-Al. A wani daftari na baya can, ƙarƙashin gidan Abdul-Al, aka rubuta sabon mai haya: Ibrahim Takruri.

Na hau jirgin ƙasa na tafi. Gandun an raba shi tuntuni, inji ya maye gurbin saniya, amma ƙubba tana nan da farin fentinta. Na tambaya a wurin masu shan shayi, aka nuna mini wani dogon dattijo baƙi cikin jallabiya yana ɗaure jaki. Da ya buɗe baki ya amsa sallamata na ga wushiryar Iya. Bai san kalma ɗaya ta Hausa ba. Matar da ta raine shi ta gaya masa uwarsa ta tafi hajji, teku ya cinye ta. Da na ce masa tana da rai a Alƙahira, ya zauna a ƙasa nan inda yake, igiyar jakin tana hannunsa.

Ya biyo ni da kwandon dabino da agwagwa biyu. An gaya wa Iya baƙo zai zo daga ƙauye, ba a ce mata wane ne ba, ita kuma ba ta tambaya ba, sai dai ta sa aka ciro mata mayafinta na salla. Ya shiga ɗakin yana kuka yana cewa "Ya ummi", ya durƙusa zai sumbaci hannunta. Ta janye hannun, ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango.

"Angona," ta ce mini, "baƙo ya sha hanya. A ba shi ruwa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu kamar tasa ba. Ya miƙe ya nufi matakala. Mahaifina ya riƙe masa hannu, Malam Ibrahim, wanda a lokacin ya zama malami da iyalinsa, ya shiga yi masa bayani da Larabci cewa a wurinmu uwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, kunya ce, kuma girmamawa ce.

"Ma'alish, ba kome, ya ustaz," in ji baƙon. "Na gode. Amma wace irin ƙasa ce uwa ba ta duban ɗanta? Na jira shekara sittin. Khalas, shi ke nan, gobe da safe zan koma gonata."

Da ƙyar ya yarda ya kwana. Bayan isha'i Iya ta ce a hura mata kasko, abin da ta daɗe ba ta nema ba. Ta ce a kira mata 'ya'yan Malam Ibrahim, ta kuma ce kada a bar baƙo shi kaɗai a falo, sanyi ake yi. Ya zauna can gefenta na hagu, wajen ƙofa. Ta binne dankali, ta fuskanci yaran, ta buɗe baki. Sai muka ji Larabci. Iyar da ke korar mutum saboda "tamam", ita ce take ba da tatsuniyar kurciya da gurgun Larabcin kasuwa, tana tuntuɓe tana tashi. Ta faɗi ruwa biyu, ta faɗi ƙubba, ta faɗi hankaka da tattabara. Na ga kan baƙon ya ɗago.

Da ta iso inda takan tsaya, Rabi, wadda ta zama budurwa, ta ce a hankali, "Iya, ta same shi?"

Ba ta ce gawayi ya zama toka ba. Ta ci gaba. Wai kurciya ta yi ta shawagi har fiffikenta ya karye, babu daren da ta kwanta ba ta ƙirga wuraren nan ba don kada su ɓace mata. Ta yi ta rera su ga jikokinta, ko Allah zai sa wani mai ƙafa ya ji. Wani angon banza ya ji, ya je ya zo da shi, ashe ɗan har ya yi furfura. "Kurciyar ƙasarmu," ta ce wa yaran, "ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Sunan yana nan inda ta ajiye shi, ba ta ba kowa ba, ko wanda ya zo da irinsa ba ta kira shi da shi ba."

Ta tono dankali, ta ɓare shi da yatsunta, ta hura. Ni na saba miƙa hannu. Ta wuce ni. Idonta yana kan kasko, ta miƙa hannun hagu can wajen ƙofa, ta tallafe shi da na dama. Baƙon ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe yatsunta, wannan karon ba ta janye ba.

Bai koma washegari ba. Ya zauna har sanyi ya wuce, ba ta taɓa dubansa ido da ido ba, kuma babu kwanon da ya fita daga ɗakin girki zuwa gabansa ba ta ɗanɗana ba. Ta rasu da shigowar zafi, shi da mahaifina suka sa ta a kabari.

Na daɗe ina jin haushin kunyar nan, ina cewa ita ta ci musu shekara sittin. Yanzu da na tsufa, na kuma ga nawa ɗan farin ya girma, na daina yanke mata hukunci. Takardun sun nuna mini gona da ɗaki da suna, amma da Iya ba ta tsare ƙubbarta a dama ba har da mafici, da ban san wace taswira zan buɗe ba. Masu zuwa wurina yau suna tambayar yadda ake neman asali a tsofaffin daftarori, nakan ce musu su fara zama gaban tsohuwar gidansu, su lura da abin da ba ta yarda a canza ba, da sunan da take tsallakewa.

Ba ni kaɗai na ga daren nan ba. Ƙanwata Rabi tana Maraɗi da jikokinta, Malam Ibrahim yana Damagaram, ido ya tafi amma hankali yana nan, babbar 'yarsa Hadiza kuma ita ce ta riƙe wa Iya mafici a daren. Duk wanda ya yi shakka ya je ya tambaye su.