Tsakar Ɗiyata da Takardar da Na Ƙi Karantawa

Edita, ba ni fili in tona asirin kaina da bakina. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da yin ritaya ba, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina malamin gona, ina yawon ƙauyukan Bungudu da Tsafe a kan babur ina koya wa manoma kashe ƙwari. Taurin kaina kuwa, ko maƙwabtana na Tudun Wada a Gusau sun shaida. In na ce na san abu, to na sani ke nan, ko da ban sani ba. Kuma tun tasowata ban taɓa ganin tsaka na bar ta da rai ba, takalmi ne tsakanina da ita.

Sai ga autata, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun dabbobi, ta shigo mini gida da tsaka a cikin kwali! Ba irin ta bango ba ce, ta daji ce, mai ratsin ƙasa-ƙasa da wata wutsiya mai kauri kamar babban yatsa. Ta ce a kanta za ta rubuta aikin kammala karatu. Wata da watanni ta yi tana cigiya kafin wani manomi a ƙauyen Karakkai ya tono wannan ɗayar yana sharar gona, kuma in tsakar ta mutu sai yarinyar ta sake shekara a jami'a. Na san masu karatu za su yi tsaki, ni ma na yi. Hukuncin ajiye tsaka a addini na bar wa malamai, ni dai labarina nake bayarwa. Washegari aka bugo waya cewa yayarta ta haihu a Tsafe, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke zuwa zaman jego. Ta durƙusa ta roƙe ni in haɗa wa tsakar wurin zama, in kula da ita har ta dawo, ta miƙo mini takarda shafi biyu ta ce komai na ciki. Na karɓa ina hura hanci, na ce mata ni da na yi aikin daji tun ba a haife ta ba, ba ƙadangare zai gagare ni ba. Tana fita na cusa takardar ƙarƙashin rediyo.

Kafinta ya haɗa mini akwatin katako mai raga a sama da gefe, ya yi kyau har ina alfahari. Na tankaɗe busasshen yashi na shimfiɗa tas, ban sa mata ko ɗan wurin ɓuya ba, wai don in riƙa ganinta. A lissafina ƙadangare duk ɗaya ne, kuma kowa ya san ƙadangare da son hantsi. Saboda haka kullum da safe sai in fitar da akwatin tsakar gida ta sha rana, in watsa mata ɓarɓashin tuwo da ganyen zogale. Ita kuwa baiwar Allah sai ta cusa kai a lungu ta runtse ido. Na ce baƙunta ce. Aka yi mako biyu ba ta ci komai ba, wutsiyar nan mai kauri ta zube, wata farar fata ta bushe ta naɗe mata yatsu. Duk sanda autata ta bugo sai in ce mata lafiya lau, har ƙiba take yi. Wallahi wannan ƙaryar ita ta fi ci mini rai, domin ina jin yadda yarinyar ke sauke ajiyar zuciya tana yi mini godiya.

Ranar da Allah ya kawo mafita, ina tsugune gaban akwatin na rasa abin yi, sai ga tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Bungudu. Ta leƙa, ta ja da baya tana salati, sannan ta dube ni ta fashe da dariya har tana riƙe ƙwarya. Ta tambaye ni ko Alhaji gasa ta yake son yi. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na ce Inna ta faɗa mini abin da ta sani. Ta ce su da ke daji ba su taɓa ganin irin wannan da rana ba. A ramukan gindin suri take kwana, inda ƙasa ke da sanyi da danshi, sai almuru take fitowa farautar gara da gyare, tuwo kuwa sai dai in ni zan ci abina. Daga nan ta nuna gindin randarmu da baki, inda ƙasa ke jiƙe kullum, ta ce ga irin gidanta nan a gabana ina ta wahalar da ita. Kunya ta rufe ni, ni da na yi shekaru ina tara mutane gindin bishiya ina yi musu lacca.

Ban tsaya ko karin kumallo ba. Na kwashe yashin na zubar, na ɗebo ƙasar suri daga bayan gari na cakuɗa da ta gindin randa. Na fasa wani tsohon tulu, na kifa rabinsa a gefe guda a kan ƙasa mai danshi, ɗaya gefen na bar shi a bushe da ɗan kasko, ta zaɓi inda take so. Na sa ruwa a murfin kwalba, na mai da akwatin inuwar baranda. Yatsun kuwa, da auduga da ruwan ɗumi na riƙa jiƙa su har matacciyar fatar ta saɓule, ni da ban taɓa taɓa tsaka ba sai da takalmi. Maƙwabta suka riƙa ganina da yamma ina bin gyare a bayan katanga da gwangwani, wani har ya tambayi ko ritayar ce ta taɓa ni. Kwana huɗu tana cikin tulun ba ta leƙo ba. A na biyar, na dawo daga sallar magariba, sai na ga ta fito a hankali, ta tsaya, ta kaɗa wutsiya, caraf ta cafke gyare. Na yi kabbara da ƙarfi har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga!

A ranar ne na tuna da takardar. Na zaro ta daga ƙarƙashin rediyo, na sa tabarau. Layin farko ma cewa ya yi, don Allah Baba kada ta ga rana. Danshin, wurin ɓuyan, gyaren, duk suna ciki da rubutun ɗiyata. Da ta dawo bayan arba'in ta tarar wutsiya ta cika fam. Ban bari ta gama murna ba na zaunar da ita na faɗa mata gaskiya duka, har da ƙaryar waya. Idonta ya kawo ruwa, can kuma ta ɗaga tulun ta duba, ta ce ya fi robar da ta rubuta a kifa wa tsakar riƙe sanyi nesa ba kusa ba. Hoton tuluna na cikin aikinta, kuma ta kammala da sakamako mai kyau.

Abin da na koya shi ne, dabba ba ta san girman mutum ba, abin da Allah ya halicce ta a kai kawai ta sani. Duk wanda zai ajiye wata halitta, ya fara tambayar inda take kwana da abin da take ci kafin ya kira kafinta. Ku kuma 'yan uwana iyaye, mun kai yara makaranta don su san abin da ba mu sani ba, to kada girman kai ya sa mu cusa iliminsu ƙarƙashin rediyo. Saura ƙiris in jawo wa ɗiyata asarar shekara guda saboda shafi biyu. Da za ta tafi bautar ƙasa ta bar mini tsakar, ta sake miƙo wata takarda tana murmushi. Na ce ta dakata da jakarta, na zauna a gabanta na karanta sau biyu, har na yi tambaya.