Cokalin Kawu Iro

Duk wanda ya ci abinci da Kawu Iro a Faskari ya san cokalin nan na aljihunsa. Kafin ya yi bismilla sai ya kwalfe man da ke saman miya tas. Tun yana koyar da kimiyya a Ƙanƙara ya ɗaura yaƙi da kitse, ni 'yar ƙanwarsa kuwa na fi kowa shan wahalar yaƙin.

"Ɗiyata," in ji shi, "kowace ƙwayar halitta a jikinki tana da 'yan shara. Su kwashe abin da ya lalace, a narkar, a sake aiki da shi. In kitse ya yi yawa tsintsiyarsu ta daskare, shara ta taru. Sharar nan ita ce tsufa."

Da wata Layya na wuni ina soya kitsen rago, na tara kakide cikin kwano. Washegari na tarar Kawu ya shafe ƙafafun amalanke da shi. Na ce, "Kawu, wannan zalunci ne." Ya ce, "Amalanke ba ta da jijiya, ta ci abinta." Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sau ɗaya aka kayar da shi, a kasuwar Sabuwa. Wani tsohon mahauci ya jefa kitse a baki ya ce, "Malam, shekara nawa ina cin wanga, kuma na girmi babanka." Kawu ya dube shi ya ce, "Baba, naka 'yan sharan kam a ƙara masu albashi."

Mun yi ta yi masa dariya, alhali mun san dalili. Matarsa, Inna Ladi, hawan jini ya taɓa kayar da ita, kuma ita ba ta iya ƙin maiƙo. Kwanonta yake fara kwalfewa kafin nasa.

Sai ga shi ya riga ta tafiya. Ranar sadakar uku, matan da suka sha jin wa'azinsa suka dire mata shinkafa tana iyo cikin mai, wai ta ci ta ji ƙarfi. Haushi ya turnuƙe ni. Na shiga ɗakinsa na laluba aljihun rigar da ke rataye, na fito na janye kwanon.

Inna ta ga cokalin, ta ce, "Ke ma?"

Na ce, "Ni ma, Inna."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya share masa zunubansa, Ya bar mana Inna.