Falwayar Jojiya

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina hawan falwaya a kamfanin wuta. Daga Lokuwa har Wuro Patuji babu turken da bai san tafin ƙafata ba. Da na yi ritaya buri ɗaya ya rage mini: autata da ke karatun likita a ƙasar Jojiya ta gama, ta dawo Mubi kusa da ni. Mamanta kan ce yarinyar nan fa ta fara son can, ni kuwa in ce ta daina yi mana mugun baki.

Wata Asabar ta turo saƙo, wai aikin tarihi ya hana ta sakat: rawar da "Poles" suka taka a 'yancin Jojiya da bunƙasar al'adunta. Na ce madalla, ai "pole" da Turanci falwaya ce, yau boko ya biyo ta layina. Rabon da in taimaka mata da aikin makaranta tun tana firamare. Na zauna na cika shafi huɗu: falwayar katako, ta siminti, zurfin rami, ɓarnar gara. Na rufe da cewa ƙasar da ba ta kafa falwaya ba, 'yancinta a duhu yake. Har maƙwabcina mai shayi na karanta wa, ya ce wallahi wannan sai jami'a.

Da na tura mata, ta kira ni tana dariya har da tari. Ashe mutanen Poland ake nufi. Sarkin Rasha ne ya riƙa koro su can, wasu kuma aiki ya kai su, suka zama injiniyoyi da likitoci da masu zanen gini. Da Jojiya ta samu 'yanci Poland ta mara mata baya, da aka sake mamaye ta kuma ta ba hafsoshinta mafaka. Kunya ta kama ni, amma na dake. Na ce ai duk ɗaya ne, su ma kafa su aka yi.

"Haka ne kuwa, Baba," in ji ta. "Da yawansu ba su koma gida ba. Sun yi aure, sun yi aiki, nan aka binne su. Har yau ana girmama su."

Yadda ta faɗi "nan" ɗin ya tsorata ni. Na tambaye ta wane wata za ta dawo. Ta ce layin yana yankewa, ba ta ji na sosai. Ni kuwa har numfashinta ina ji.