Robar Bakin Sanda da Na Zuba a Shara

Ko da tsufa zai kwashe mini rabin abin da na sani, ba zan manta safiyar da muka tsaya a filin jirgi ni da maiɗakina ba, lokacin da sanduna biyu suka nemi hana ta abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah. Zan ba da labarin bi da bi, domin ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Na yi aikin kula da sito a kasuwar Maigatari har na ajiye. Karatuna bai wuce firamare ba, amma aikin ya koya mini cewa kowane kaya da wurinsa, abin da ba shi da amfani kuma a fitar da shi. Maiɗakina kuwa ba ta yar da komai. Gwangwani, zare, murfin kwalba, duk tana da inda take cusa su. Mun fi shekara talatin ina cewa tarkace ne, tana cewa in ƙyale mata kayanta.

Da ’ya’yanmu suka shirya mana tafiya Umara, matsalar ɗaya ce, gwiwoyinta. Aka ce akwai keken da ake tura marasa ƙarfi. Ta ce ita da ƙafarta za ta zagaya ɗakin Allah, ba wanda zai tura ta kamar buhun gero. Sai babbar ’yarmu, mai aikin jinya, ta aiko mata da sanduna biyu irin na masu hawan dutse. Ba su da nauyi, ana zuge su su yi tsawo, a mayar su gajarce har su shiga jaka. Ni na buɗe kwalin. Na cire leda, na cire takarda, na ga wata baƙar roba a bakin kowace sanda, na ce wannan murfin kanti ne, na tuge. Tsinin ƙarfe ya bayyana, na ji daɗi, domin a sanina sandar kirki ita ce mai ƙarfe a gindi. Na tattara sauran na zuba a shara.

Wata biyu tana gwaji. Kullum da safe takan taka daga ƙofar gidanmu a Gumel har bakin gona ta dawo. Tsinin yana nutsewa cikin rairayi yana riƙe ta sosai, shi ya sa ba wanda ya lura da kuskuren. Maƙwabta na tsokanarta, “Mai ƙafa huɗu ta fito!” Ita kuma ta ce, “Ku dai ku ji da biyun naku.”

Ana gobe tafiya na rubuta komai a takarda. Na ɗaya fasfo, na biyu katin allura, na uku magani, na huɗu sanduna a jakar hannu. A filin jirgi a Kano aka auna manyan akwatunanmu suka shige ciki. Muka iso wurin na’urar da ke duba jaka. Tamu ta shiga, tana fitowa wata ma’aikaciya ta janye ta gefe kan tebur, ta zaro sandunan.

“Baba, mene ne wannan?”

Na ce, “Sanda ce.”

“Na ga sanda ce. Dubi bakinta. Abu mai tsini ba ya shiga jirgi a hannu. Da kun sa a babban akwati.”

“Akwatin ya riga ya wuce.”

“To sai dai ku bar su a nan.”

Na dubi maiɗakina. Ba ta yi kuka ba, amma na ga ta dafa teburin da hannu biyu. Ta ce a hankali, “’Yata, da su zan yi ɗawafi.”

Ma’aikaciyar ta juya sandar tana dubawa. “Mama, irin waɗannan ai da roba suke zuwa a baki. Da tana nan, tunda don tafiya kike riƙe su, da na nuna wa shugabana. Ina robar?”

Ni da ban taɓa ɓatar da buhu ko ɗaya a sito ba, sai ga ni ina sunkuyar da kai. Na ce, “Ni na zubar. Na zaci murfi ne.”

Maiɗakina ta ɗago. “Wace roba? Baƙar nan mai kama da kofaton akuya?”

Ta buɗe ƙaramar jakarta, wadda na yi ta faɗa tun daga gida cewa ta cika ta da shirgi. Ta fito da allura da zare, ta fito da guntun goro, sannan ta fito da ’yan kwalabe biyu, ɗaya ta turare, ɗaya ta man gwiwa. A bakin kowace akwai baƙar roba.

Ta ce, “Malam, ranar da ka zubar na tsince su. Sun yi wa kwalabena cif.”

Ma’aikaciyar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta goge robobin, ta danna su a bakin sandunan, ta kira shugabanta. Ya taɓa da yatsa, ya ce Mama ta taka ya gani. Ta zuge sandunan ta taka zuwa bango ta dawo, kai a sama. Ya ce, “Ku wuce. Mama, a sa mu a addu’a.”

Man gwiwar ta toshe shi da leda ta ɗaure da zare. Turaren kuwa ta ce ba zai kai ba tunda ba murfi, sai ta bi ma’aikatan da matan da ke layi tana ɗiga wa kowa a tafin hannu. Wurin ya ɗauki ƙamshi, ana ta sa mata albarka. Ni aka bai wa na ƙarshe.

Sai da muka isa Makka na gane girman abin da na kusa jawowa. Daɓen masallacin sumul yake kamar madubi, da tsinin ƙarfe ne da santsi ya kwashe ta. Ta yi zagaye bakwai da ƙafarta, ina gefenta ina ƙirgawa. Da ta gama ta zauna tana haki tana murmushi, ta ce, “Malam, ɗauko takardar nan taka. Rubuta na biyar, tarkace.”

Na rubuta, kuma takardar tana nan a akwatina. Abin da na koya shi ne, rashin sanin amfanin abu ba ya mayar da shi shara, kuma tsari ba iri ɗaya ba ne, nata ma tsari ne. Tun daga ranar, kafin in zubar da komai a gidan nan, sai na kai mata ta duba tukuna.