Yaron Nan

Ɗana na fari ya rasu yana da shekara ashirin da shida, ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka tarar a cikin birni, uwa tana alkunyar ɗan fari. "Yaron nan" nake cewa. Tun daga yaye surukata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, tsakar gida kawai ta raba mu.

Da aka zauna makoki ita aka yi wa ta'aziyya. Ni ina madafi ina kwashe wa baƙi tuwo, ana yaba dauriyata.

Bayan wata shida na rame, abinci ba ya shiga. Likita ta tura ni wani zama da ake yi duk Laraba a hanyar Wusasa: mata takwas da suka yi rashi, kujeru a kewaye, wata nas tana jan ragamar hira. Tun daga Ƙofar Kuyambana nake mita a cikin Keke Napep. Ni 'yar gidan malamai, in je in amayar da cikina gaban baƙi? Har da wata mai sayar da daddawa daga ƙauye, kuma kusa da ni ta ga damar zama.

Mako uku ina zaune kamar an dasa ni. A na huɗu nas ta ce kowa ta faɗi sunan wanda ta rasa. Da aka zo kaina na ce, "Yaron nan." Ba wadda ta yi mamaki, duk sun gane. Mai daddawa ta dafa gwiwata.

"Hajiya, bar sunan. Me ya fi so a abinci?"

Wallahi ban sani ba. Wannan ya fi rasuwar ƙona ni.

Ina komawa gida, ko mayafi ban cire ba na shiga ɗakin surukata. Na durƙusa na ce, "Inna, me ya fi so a abinci?"



"Dambu. Naki." Ta gyara zama. "Duk lokacin da nake aiko miki a yi mini dambu, kin taɓa ganin na kai shi bakina? Shi yake sa ni. Kunyarki yake ji."